Me zan tanada a gida kafin ma'aikacin dish ya zo sabunta mini na'urori?

Tambayar ta zo ne daga wani magidanci da kamfanin tashoshin tauraron ɗan'adam ya sa wa ranar da za a zo a sauya masa tsohuwar dikoda da sabuwa mai fitar da hoto tar, mai kuma naɗar shirye-shirye. Ya ce dish ɗinsa ya haura shekara goma a jikin bango, yana kuma son a ja masa layi zuwa ɗaki na biyu, shi ne yake neman sanin abin da ya kamata ya shirya kafin ranar.

Malam, yawancin mutane idan aka ce musu ma'aikaci na tafe, abin da ke faɗo musu shi ne share falo da janye kujeru daga gaban talabijin. Wannan yana da kyau, amma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin shirin. Babban abin da ke gabanka shi ne ka yanke shawara a kan abubuwa huɗu tun kafin ya iso: inda dish zai zauna, hanyar da waya za ta bi, yawan wuraren da ake son kallo, da kuma ko tsohuwar wayar da ke gidan za ta iya ɗaukar sabon aikin. Ma'aikaci yakan fito da jerin gidaje a hannu, kowane gida da lokacin da aka ware masa, saboda haka duk abin da ba ka tsayar ba shi zai tsayar maka, kuma zai zaɓi wanda ya fi masa sauƙi da sauri. Ba mugunta ba ce, yanayin aikin ne ya kawo haka.

Fara da kiran kamfanin ka tambayi ainihin abin da sabuntawar ta ƙunsa, domin kalmar tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Tsarin kallon tauraron ɗan'adam sassa huɗu ne da ke aiki tare: dish ɗin kansa, ƙaramar na'urar da ke kan hannunsa wadda ake kira LNB, wayar da ke shigowa gida, sai dikoda. Wani lokaci dikodar kaɗai ake sauyawa, saboda tsofaffin dikodoji an gina su ne a kan tsarin watsawa na DVB-S da tsarin matse hoto na MPEG-2, alhali tashoshi masu hoto tar suna zuwa ne ta DVB-S2, wanda aka tabbatar a 2005, tare da tsarin matse hoto na H.264 ko na HEVC da ya fito a 2013. Wani lokaci kuma sai an sauya LNB, ko a ƙara girman dish, ko ma a juya shi gaba ɗaya ya fuskanci wani tauraron. Ka tambaya ko tauraron da za a kama shi ne na da, ko mita nawa na waya ke cikin kuɗin da ka biya, da kuma ko jan layi zuwa ɗaki na biyu yana cikin takardar aikin da za a ba ma'aikacin. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin idan ba a rubuta masa ba, yana iya zuwa ba tare da kayan da aikin ke bukata ba, a sake sa maka wata ranar.

Batun ɗaki na biyu da naɗar shirye-shirye shi ne inda aka fi yin kuskuren fahimta, don haka zan ɗan tsaya a kai. Wayar dish ba kamar wayar eriya ba ce da za a raba ta gida biyu kowa ya samu. Siginar tauraron da ke zuwa a zangon Ku tana tsakanin gigahaz 10.7 zuwa 12.75, kuma waya ba za ta iya ɗaukar wannan ba, shi ya sa LNB ke sauko da ita zuwa tsakanin megahaz 950 da 2150. To amma wannan fili bai isa ya kwashe dukkan tashoshi a lokaci guda ba, sai aka raba su kashi huɗu, kuma dikoda ce ke gaya wa LNB kashin da take so ta cikin wayar nan dai. Idan ta aika wuta mai ƙarfin volt 13, LNB zai ba ta tashoshin da siginarsu ke tsaye. Idan ta aika volt 18, zai ba ta waɗanda siginarsu ke kwance. Sannan akwai wani sauti na kilohaz 22 da take ɗorawa idan tana son rabin zangon na sama. Ka ga ke nan, idan aka sa dikoda biyu a kan waya ɗaya ta hanyar mararrabar nan ta eriya, ɗaya na neman volt 13 ɗaya na aika 18, wadda ta fi ƙarfi ce za ta yi rinjaye, ɗayar kuwa ta rasa rabin tashoshinta ba tare da mai gida ya san dalili ba. Dikoda mai naɗa ma haka take, domin a cikinta akwai makamar sigina biyu ko fiye, ɗaya ta kallo ɗaya ta naɗa, kuma a tsohon tsari kowace tana bukatar wayarta tun daga LNB.

Mafita iri biyu ce. Ko dai a sa LNB mai baki biyu ko huɗu a jawo waya daban-daban zuwa kowace makama, ko kuma a yi amfani da tsarin waya ɗaya da ake kira Unicable, inda LNB ke ware wa kowace makama nata gurbin a cikin waya guda. Tsarin farko na wannan fasaha yana ɗaukar har gurbi 8, wanda ya biyo bayansa kuma har 32. Wanda kamfaninka ke amfani da shi ne zai nuna ko huda ɗaya za a yi a bangonka ko uku, saboda haka ka tambaya. A gidanka dai, dikoda mai naɗa a falo da wata a ɗaki na nufin aƙalla makama uku. Shawarata ita ce idan akwai wani ɗakin da kake ganin za a so talabijin a cikinsa nan gaba, ka faɗa tun yanzu a zaɓi LNB da ke da sauran baki, domin sake hawa tsani don sauya shi daga baya ya fi tsada a kan bambancin da ke tsakanin biyun.

Sai tsohuwar waya. Shekara goma a rana da ruwa ba ƙaramin abu ba ne ga waya, kuma a ganina ita ce ta fi dikoda cancantar a sauya a yawancin gidajen da suka kai wannan shekaru. Ka bi ta da ido daga dish har zuwa inda ta shiga gida. Akwai rubutu a jikin robarta: idan RG6 ce, ita ce ake so, idan RG59 ce, wadda ta fi siriri, siginar tauraron na raunana a cikinta da sauri. Ka duba ko robar ta tsattsage ko ta yi fari ta bushe, ko akwai inda aka haɗa guntaye biyu aka naɗe da salatif, ko inda ƙofa ko taga ta matse ta. Ka kwance kan wayar daga bayan dikoda, bayan ka cire dikodar daga wuta, ka dubi jan ƙarfen da ke tsakiya da ragar da ke kewaye: idan sun yi baƙi ko kore, ruwa ya shiga, kuma ruwan da ya shiga irin wannan waya yakan bi raga ya yi nisa, yanke kan kaɗai ba ya maganinsa. Akwai wata alama da mutane ba sa dangantawa da waya, wato wasu tashoshi su riƙa kakkarcewa ko ɓacewa alhali sauran suna nan lafiya. Dalili shi ne asarar sigina a cikin waya tana ƙaruwa ne da hawan adadin megahaz, tashoshin da suka faɗo kusa da megahaz 2150 su ne ke fara tafiya. Tashoshi masu hoto tar kuwa galibi sun fi bukatar sigina mai tsabta, don haka wayar da ta yi ta lallaɓa tsohuwar dikoda tana iya kasa ɗaukar sabuwar. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, ka sanar da kamfanin tun lokacin da ka kira su cewa kana son a ja sabuwa. Idan kuma an ba ka zaɓi, wadda tsakiyarta jan ƙarfe ne zalla ta fi wadda baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da jan ƙarfe, musamman a doguwar tafiya, domin wutar da ke ciyar da LNB ta cikinta take bi.

Wurin zaman dish yana da nasa ƙa'ida da ba ta sauyawa. Taurarin talabijin suna shawagi ne a nisan kilomita 35,786 a saman layin ekwato, suna zagayawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa daga ƙasa ake ganinsu tsaye wuri ɗaya. Wanda ke arewa da ekwato dish ɗinsa kudu zai fuskanta, ko kudu maso gabas ko kudu maso yamma, wanda ke kudu da shi kuma akasin haka. Dole hanyar da ke tsakanin dish da tauraron ta kasance fili, domin siginar Ku ba ta ratsa gini, kuma ganyen bishiya ma yana tare ta, balle idan ya jiƙe. A shekara goma bishiyar da take ƙasa da katanga lokacin da aka kafa dish ɗinka tana iya zarce rufi, maƙwabci ma yana iya ɗora bene. Lissafin mai sauƙi ne: idan tauraron yana kan ɗagawar digiri 45, abin da ya ɗara dish da mita 5 a tsawo dole ya yi nisan aƙalla mita 5, idan ɗagawar digiri 30 ce, nisan ya kusa mita 9. Akwai manhajojin wayar hannu da ke nuna wurin tauraron a sararin sama ta cikin kyamara, sun isa su ba ka haske kafin ma'aikaci ya auna da na'urarsa. Kada kuma fuskar dish ta ruɗe ka, domin irin da aka fi amfani da shi a gidaje, mai hannu daga ƙasa, yana kallon sama da inda fuskarsa ta nuna da kusan digiri ashirin da wani abu. Idan akwai reshen da ya kamata a sare, ka sa a sare shi kafin ranar, wannan ba aikin mai haɗa dish ba ne, kuma da yawansu ba a yarje musu su taɓa ba.

Ƙarfin abin da za a ɗaure dish a jiki shi ma abin dubawa ne. Dish mai faɗin santimita 60 yana ganin ɗan yanki ne na sama da bai wuce digiri uku ba, mai santimita 90 kuma kusan digiri biyu, wato motsin da ido ba zai lura da shi ba ya isa ya zubar da sigina. Ka kama sandar ka girgiza ta a hankali. Idan tana motsi, ko notinan sun yi tsatsa, ko filastar da ke kewaye da su ta fashe, ka nemi a sauya mariƙin tare da sauran kayan. Bangon bulo ko kankare ya fi katako da rufi, kuma a ra'ayina duk inda bango zai ba da fili, bai kamata a huda rufi ba, domin hudar da aka yi a rufi ko an toshe ta da kyau wata rana sai ta yi yoyo. Wurin da tsani ke kaiwa cikin sauƙi ya fi ƙololuwar gini, tunda mita biyu ko uku na tsawo ba sa ƙara komai ga siginar da ta taso daga dubban kilomitoci, sai dai su ƙara wa dish dukan iska. Idan kuma hoto na yawan ɗaukewa da zarar an fara ruwa, wannan ce damar da za ka nemi dish mafi faɗi, domin ɗigon ruwa yana shanye siginar Ku, kuma faɗin dish ne ke ba da rarar da za ta jure hakan. Masu manyan dish na zangon C, wani zangon sigina da ke ƙasa da Ku, ba su cika fama da ruwa ba, amma su tambaya ko suna bukatar matatar sigina, saboda a ƙasashe da dama an ba wa sadarwar 5G zangon sigina da ke maƙwabtaka da nasu.

Idan gidan na haya ne, ko bene ne da ake rabawa da wasu, ka samo izinin mai gida ko na masu kula da ginin a rubuce, kuma takardar ta ambaci huda bango. Kamfanoni da yawa ba sa barin ma'aikacinsu ya fara aiki sai ya ga wannan. A manyan gine-gine sau da yawa akwai dish guda da ke ciyar da kowa ta na'urar rarraba sigina da ke kulle a wani ɗaki, to ka tabbatar mai riƙe da makullin zai kasance a ranar, ka kuma tambaya ko na'urar ta dace da sabuwar dikodar.

Daga nan ka bi hanyar waya da ƙafarka, daga dish zuwa falo, daga dish zuwa ɗaki na biyu, ka tsayar da inda kake so ta bi da inda ba ka so a gan ta. Ka nuna wa ma'aikaci inda bututun ruwa, na gas da wayoyin lantarki suka bi a cikin bango gwargwadon saninka. Wayoyin lantarki galibi suna tafiya ne a miƙe sama ko gefe daga soket da makunni, saboda haka ba a huda a kan waɗannan layuka. Idan za a bi ta cikin silin, ka buɗe ƙofar shiga ka kawar da kayan da ke ƙarƙashinta. Akwai ƙananan abubuwa uku da ke bambanta aiki mai kyau da na jeka-na-yi-ka, kuma babu laifi ka ambace su cikin ladabi: hudar bango ta ɗan karkata ƙasa ta wajen gida don kada ruwa ya gangaro ciki, a kuma toshe ta, wayar ta ɗan sauko ƙasa da hudar sannan ta hau ta shiga, yadda ruwan da ke bin ta zai ɗiga a waje, sannan kada a lanƙwasa ta lanƙwasar kwana ko a danne ta da ƙusa, domin tazarar da ke tsakanin tsakiyarta da ragarta ita ce ke riƙe ta a kan ma'aunin lantarki na ohm 75 da aka gina tsarin a kai. Kan waya na matsewa da ake ɗaurawa da na'ura ya fi na murɗawa da hannu hana ruwa, musamman a wajen gida.

A ɓangaren wuta, ka ƙirga soket ɗin da ke bayan kowace talabijin, ka tanadi na'urar kare kaya daga hauhawar wuta. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, ƙaramin batirin ko-ta-kwana yana da amfani ga dikoda mai naɗa, domin faifan ajiyarta yana juyawa kusan kullum kuma yankewar wuta ba zato tana lalata abin da ake rubutawa. Ka kuma san inda wayar ƙasa ta gidanka take, wato wadda ke haɗa wutar gidan da ƙasa don kariya, ka tambayi ma'aikacin yadda zai haɗa dish da wayarsa da ita bisa dokar lantarki ta inda kake. Wannan haɗi ba zai tare aradun da ta faɗo kai tsaye ba, amma yana sauke cajin da ke taruwa da bugun da ke zuwa daga tsawar da ta faɗi a kusa.

Talabijin ɗin kanta ka juya bayanta ka duba. Sabuwar dikoda ta HDMI take fitar da hoto, kuma idan aka haɗa ta da tsofaffin wayoyin nan masu kai ja, fari da rawaya, hoton zai koma irin na da duk da kuɗin da aka kashe. Idan kunshin naka na 4K ne, wato ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, to talabijin ɗin na bukatar ƙofar HDMI 2.0 ko sama mai tsarin hana kwafar hoto na HDCP 2.2, kuma a wasu talabijin ba dukkan ƙofofin ne ke da ita ba, littafinsu zai nuna wacce ce. Duk na'urar sauti da hoton zai ratsa ta cikinta ita ma sai ta cika wannan sharaɗi. Ka ware wa dikodar wuri mai iska, ba cikin rufaffen kabad ba kuma ba a kan wata na'urar mai zafi ba. Tunda sababbin dikodoji suna jingina da intanet wajen shirye-shiryen da ake kira a kalla da kuma sabunta manhajarsu, ka gwada ƙarfin Wi-Fi a daidai inda za a ajiye ta, ka rubuta kalmar sirrin a takarda. Idan na'urar intanet ɗin na kusa, waya ta fi iska tabbas.

Akwai abin da kan ba mutane haushi bayan an gama: shirye-shiryen da aka naɗa a tsohuwar dikodar kamfani galibi a kulle suke da ita, ba sa komawa sabuwa. Idan taka na da irin wannan ajiya, a kalli abin da ake so kafin ranar. Ka rubuta jerin tashoshin da kuka saba kallo, ka tanadi lambar asusunka da katin shaida, ka tabbatar kuɗin wata bai ƙare ba domin ba a kunna sabuwar dikoda a kan asusun da aka dakatar. Ka tambaya ko tsohuwar dikodar da katinta mallakarka ne ko za a mayar, idan za a mayar ka haɗa su da rimot da wayar wuta, ka karɓi rasit.

Ranar aikin kuwa ba ta bukatar dogon bayani. Babban mutum mai ikon yanke shawara ya kasance a gida daga farko har ƙarshe, a duba katin aikin wanda ya zo, a matsar da mota da kaya daga inda tsani zai tsaya, a killace dabbobi a kuma nisanta yara daga ƙarƙashinsa. Idan ana iska mai ƙarfi ko tsawa ya ce ba zai hau ba, gaskiyarsa ce.

Kafin ka sa hannu a takardar kammalawa, ka nemi ya buɗe maka shafin sigina a dikodar. Za ka ga ma'auni biyu, ƙarfi da inganci, kuma ingancin ne abin dubawa, domin ƙarfi na iya nuna adadi mai yawa ko da dish bai daidaita a kan tauraron ba. Ka ɗauki hoton shafin da wayarka, zai zama abin kwatantawa idan matsala ta taso bayan watanni. Kada ka gamsu da tasha ɗaya da ya nuna maka. Ka zagaya tashoshi da dama daga sassa daban-daban na jerin, domin a taɓa dukkan kashi huɗun nan na LNB. Ka sa naɗar wata tasha yayin da kake kallon wata, a lokaci guda kuma wani ya riƙa sauya tashoshi a ɗaki na biyu, wannan gwajin ne zai tona duk wani kuskuren rarraba waya. Ka fita waje ka ga notinan a ɗaure, hudar a toshe, bakunan LNB da ba a yi amfani da su ba a rufe. Sannan ka tambayi tsawon garantin aikin hannu, wanda sau da yawa daban yake da garantin dikoda, da lambar da za ka kira idan hoton ya fara kakkarcewa a ruwan farko da zai sauka bayan aikin.